Tuban Muzuru a Kasuwar Agbogbloshie

Babu maganar da ta fi "na tuba" sauƙin fita daga bakin Bahaushe. Yaro ya hangi bulala, na tuba. Ɓarawo ya shiga hannu a kasuwa, na tuba. Miji ya kwana a waje, ya dawo ya tarar da fuska a murtuke, na tuba. Don magabata sun san haka ne suka ware wani irin tuba suka raɗa masa suna, suka ce tuban muzuru: ana jibgarsa yana kururuwa, idonsa kuwa yana kan akurki. A kan wannan tuban nake son in yi magana, kuma a cikin gidanmu zan tsaya. Ni Kirista ne, a Nima na tashi, cikin gidan haya mai ɗakuna barkatai da famfo ɗaya, inda da Hausa ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake sulhu, ko da wane yare mutum ya zo da shi daga arewa. Na san mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, kamar yadda mafi yawan maƙwabtana Musulmi ne. Kuna da malamanku, su ja muku kunne a kan naku. Ni dai mai ɗaki ne, na san inda yake mini yoyo.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da tuba ya zama shagalin dare ɗaya. Kowa a Akra ya san daren Juma'a. Tun daga Maamobi har Abossey Okai lasifika ba ta barin jariri ya runtsa. Wajen ƙarfe biyun dare mai wa'azi ya ce duk mai son ya ba da ransa ga Yesu ya ɗaga hannu, a ɗaga. Ya fito gaba, a fito. Ya maimaita addu'a, a maimaita, wasu da hawaye na gaske. A rubuta sunaye a kati. Kafin gari ya waye an sa hoto a Facebook, an rubuta adadin rayukan da aka ceto. Ba na raina hawayen kowa, don ban shiga zuciyar kowa ba. Roƙona ga mai wa'azin ɗaya ne: safiyar Asabar, kafin ya je ya rama barci, ya bi waɗannan rayuka zuwa Agbogbloshie ya ga abin da ya canja.

Ga wanda bai san wurin ba, Agbogbloshie kasuwa ce a tsakiyar Akra, a bakin kogin Odaw, kusa da inda yake zuba cikin tafkin Korle. Nan motocin doya daga arewa suke sauke kaya, a sashen da ake kira kasuwar Konkomba. Shekaru da dama nan ne manyan motocin albasa daga Nijar suke juyewa, har zuwa Yulin 2021 da ministan yankin Akra na lokacin, Henry Quartey, ya tashi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku. A wannan watan ne kuma aka rushe filin 'yan jari-bola, wanda Turawa suka yi ta zuwa ɗaukar hotonsa, inda samari ke ƙona wayoyin lantarki su ciro jan ƙarfe. A jikin kasuwar ga unguwar Old Fadama, wato Tsohuwar Fadama, sunan ma namu ne. Zan dawo kanta.

A kasuwar akwai gwangwanin awo da ake kira olonka, shi ne mudun Akra. Da shi ake auna gari da shinkafa da wake da masara. Duk macen da ke cefane ta san akwai olonkan da aka bubbuga wa gindi ya shige ciki, don ya ci ƙasa da yadda ido ke gani. Na san wata uwa, shugaba ce a zumuntar mata ta ikilisiyarsu, in ta ɗauki waƙa sai tsikar jikinka ta tashi. Olonka biyu gare ta a ƙarƙashin tebur, babba na saye daga hannun ɗan ƙauye, ƙarami na sayar wa talaka. Ta fi shekara ashirin da tuba.

Sai kuma kayayei. Rabin kalmar Hausa ce, kaya, rabi kuma yaren Ga ne, yei, wato mata. 'Yan mata ne masu dako daga Walewale da Savelugu da Yendi da ƙauyukansu, wasu ba su kai sha biyar ba, wasu da goyo a baya. Yarinya ta ɗora daro a ka, a loda mata doya har wuyanta ya nutse, ta bi madam daga tsakiyar kasuwa har tashar mota cikin rana tsaka. Ba a yanka ciniki tun farko. Sai an isa madam ta buɗe jaka ta miƙa abin da ta ga dama, in yarinyar ta buɗe baki a ce ba ta da kunya, ai 'yan arewa ba su san godiya ba. Madam ɗin nan tana sanye da rigar taron addu'a, da hoton fastonta a ƙirji, da 'yar kwalbar man shafewa a jaka. Ita ce ta fito gaba daren jiya.

To, mu buɗe Littafin da muke cewa muna bi. A Luka sura 19 akwai labarin wani attajiri a Yariko, shugaban masu karɓar haraji, sunansa a fassarar Hausa Zakka, kamar an san abin da zai yi. Tun muna yara a makarantar Lahadi an koya mana cewa gajere ne, ya hau bishiya don ya hangi Yesu. Mun zana bishiyar, mun yi mata waƙa. Wurin da ba a cika tsayawa ba shi ne abin da ya faɗa bayan Yesu ya shiga gidansa: rabin dukiyarsa zai ba matalauta, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan magana ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. Ɗan kasuwa ya ɗauki alƙalami ya lissafa mana. Mutumin da ya rabar da rabi, ya biya ninki huɗu daga cikin sauran rabin, me ya rage masa a akwati?

A sura 3 ta wannan littafi, jama'a sun yi dafifi wurin Yahaya Maibaftisma. Bai ƙirga su ba, bai yi murna da yawansu ba, macizai ma ya kira su. Da suka tambaye shi me za su yi, amsar kasuwa ya ba su. Mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, mai abinci ma haka. Mai karɓar haraji kada ya ƙara komai a kan abin da aka yanka. Soja ya daina ƙwace da ƙage, albashinsa ya ishe shi. Lura da kyau, bai ce mai haraji ya ajiye aiki ba, bai ce soja ya tuɓe kaki ba. Kowa ya mayar da shi bakin sana'arsa, ya ce a can za a ga 'ya'yan itacen. Da a Akra yake wa'azi, da ɗan sandan kan hanyar Kumasi, da mai yankar tikitin kasuwa, da yaron trotro mai riƙe wa tsofaffi canji, duk sun ji sunansu. Tsohon Alkawari ma bai bar mana mafita ba: Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya matalaucin ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, Karin Magana sura 11 kuma ta buɗe ne da ƙyamar Allah ga ma'aunin algus.

Maƙwabtana Musulmi ba za su ji wannan baƙon abu ba. Tun ina yaro nake jin malamai a tafsirin azumi suna lissafa sharuɗɗan tuba: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma hakkin wani ne a mayar masa da abinsa. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta komawa. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ita suka tarar a bakin mutane, ita suka ɗauka da nauyinta duka. Mu ne daga baya muka bubbuga mata gindi kamar olonka.

Na san abin da ɗan'uwana da ya yi makarantar Littafi zai ce. Zai ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta aikin mutum ba, kana so ka mayar da mu ƙarƙashin shari'a. Na yarda da farkon maganarsa, kuma Zakka ne shaidata, don Yesu ya shiga gidansa tun bai biya kowa ko sisi ba. Amma da alherin ya shiga gidan bai tsaya a zaure ba, sai da ya kai ɗakin da ake ajiye kuɗi. Manzo Bulus da ya rubuta wa Afisawa batun alheri a sura 2, shi ne dai a sura 4 ya ce ɓarawo ya daina sata, ya kama aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Wasiƙa ɗaya ce. Wa ya ba mu izinin yage rabinta?

Babu inda wannan yagewar ta fi fitowa fili kamar maganar sakawa. Ko a Kano ko a Maraɗi an san 'yan damfarar intanet. A Gana sakawa ake ce wa sana'ar, kuma kalmar daga bakinmu ta fita, daga Zango. Saurayi ya zauna gaban kwamfuta wata shida yana yi wa wata tsohuwa a Amurka ko Jamus ƙaryar soyayya, ya kwashe kuɗin fanshonta, ya sayi mota, ya fara gini. Sai dare ya soma yi masa tsawo, barci ya ƙaurace, tsoron abin da boka ya sa shi ya yi ya hana shi sakat. Ya zo majami'a ya zube. A kawo layu da zobe da tukunya a ƙona a gaban jama'a, a yi ta tafi da guɗa. Ranar Lahadi ya ba da shaida, ya fitar da ushiri mai kauri, a kira shi gaba a sa masa albarka. Motar fa? Tana waje, an ma shafa mata mai. Tsohuwar fa? Ba wanda ya tambaya, alhali lambarta tana cikin wayarsa har yanzu. Mun raba shi da boka mun bar shi da kuɗin, mu ma kuma mun karɓi kashi ɗaya cikin goma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Faston da ya karɓi ambulan ɗin nan ya san ba ƙosai yaron yake sayarwa ba. Matiyu sura 5 kuwa ta riga ta yanke hukunci, cewa mai kawo baiko in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Wato bagade ya jira. Fastoci nawa ne a Akra suka taɓa mayar wa mutum da ambulansa suka ce je ka biya mai hakki tukuna? Akwai su, na san ɗaya ko biyu. Majami'unsu ƙanana ne, rufin kwano da benci, kuma da alama haka za su zauna.

Haka dattijon ikilisiya mai gidan haya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida. A Nima da Maamobi na shekara biyu ake nema, in ba ka da shi ka naɗe tabarmarka. Alhaji yana yi, dattijo yana yi. A wannan kam addinan biyu sun daɗe da haɗa kai.

Akwai wata fuskar kuma, wadda ta shafi wanda ya sauya addini ɗungurungum. Abu ne mai wuya, kada wani ya yaudare ka. A Zango wanda ya bar addinin gidansu, ko ta wace fuska ya bi, yakan ɗanɗana: a daina cin abinci da shi, wani a raba shi da matarsa, a riƙa kiransa tubabbe ana taɓe baki. Wannan zalunci ne, ko wa ya yi shi. Amma mu masu karɓar sabon tuba, me muke koya masa? Sau da yawa darasin farko shi ne ya canja suna, ya ajiye babbar riga ya sa kwat, ya ƙi naman Layya da maƙwabci ya aiko, ya riƙa kiran ɗakin uwarsa gidan duhu. A gaya masa duk tsiyar da ta same shi daga ƙauye aka jefo ta, kakarsa ce mayya. Sai ka ga yaron da a da yake tura wa tsohuwarsa kuɗi ta waya duk ƙarshen wata ya daina, wai yana shuka iri a wurin fasto. Yesu da kansa ya tsawata wa masu wannan hali a Markus sura 7, masu cewa abin da ya kamata su ba iyaye sun riga sun keɓe wa Allah. In tuba ya sa ɗa ya fi da rowa, ya fi da tsaurin ido ga waɗanda suka haife shi, ina da damar tambayar wa ya tuba wa.

Ba kuwa dole ba ne abin ya zama haka. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun san Wusasa, kusa da Zariya. Kiristocin can ba su yar da Hausa ba, ba su juya wa mutanensu baya ba. Daga can Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Musulmi. Makarantar can ce ta yaye Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan gida kuma, a Afrilun 2019, Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je har majami'ar Katolika ta Christ the King ranar Ista ya zauna cikin jama'a. Dattijo mai shekara ɗari ya iya ratsa gari ya zo wurinmu, amma yaron da ya yi wata uku da baftisma ya kasa ratsa tsakar gida ya yi wa kawunsa barka da Sallah?

Yanzu bari in koma kan Fadama, don ita ta fi ci mini rai. Mutanen Akra da yawa ba sa kiranta da sunanta. Saduma da Gwamrata suke ce mata, a rediyo, a jarida, har a kan bagade. Mazaunanta da dama rikicin Konkomba da Nanumba na 1994 ne ya koro su daga arewa, wasu kuma rashin aiki. A ƙidayar da suka yi da kansu a 2009 sun kusa dubu 80. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shatale-talen Kwame Nkrumah suka kashe mutum sama da 150. Aka nemi mai laifi, aka ce su ne suka toshe hanyar ruwa. Kafin watan ya ƙare katafila ta shiga, cikin damina, cikin azumi, dubban mutane suka kwana a fili da 'ya'yansu. Na ji da kunnena masu bi suna cewa ai hukuncin Allah ne, su tuba. Suna yana aiki a zuciya. In ka saba kiran wuri Saduma, ka riga ka yarda wuta ce ƙarshensa, ranar da ta zo kuma ba za ka ji komai ba.

Akwai ɓarayi da karuwai da 'yan wiwi a Fadama, kamar yadda akwai su a East Legon, sai dai can katanga ta fi tsawo. Amma tunda mu muka jawo Saduma cikin maganar, sai a buɗe Ezekiyel sura 16. Da annabin ya tashi lissafa laifin Saduma, ya fara ne da girman kai, da ƙoshi, da zaman jin daɗi, da ƙin taimakon matalauci da mabukaci. Ka ɗauki wannan ma'auni ka zagaya Akra da shi. Yarinyar da ke kwana kan kwali a ƙofar shago, ta biya kuɗin wanka, ta biya na bayan gida, ita ce mai ƙoshin? Ko yaron da ke shaƙar hayaƙin roba don ya ciro jan ƙarfe daga firjin da wani ya yar? Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen nasu. A ƙidayar 2021 sama da kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana sun ce su Kirista ne. Da kaɗan daga cikin wannan adadi sun yi irin tuban Zakka, da kayayei ne za su fara ba da labari, tun kafin a sa hoto a Facebook. Abin da muka iya shi ne gini. Tsohon Shugaba Akufo-Addo ya ce ya yi wa Allah alkawarin babbar majami'ar ƙasa in ya ci zaɓe, aka rushe gidajen alƙalai a Ridge, aka kashe sama da dala miliyan 50 na kuɗin jama'a, aikin ya tsaya, aka bar rami. Tsakanin ramin nan da Fadama 'yan kilomita kaɗan ne.

Kada a ce ban ga kowa ba sai muzurai. Na san wani mutum, mai sayen ƙarfe ne a filin jari-bola kafin a rushe shi. Sikelinsa yana cin yara, kowane awo yana rage kaɗan, shekara da shekaru. Ya tuba a wata ƙaramar majami'a a Maamobi, ba hoto, ba tafi. Dattijon da ke koyar da masu shirin baftisma, wani tsohon tela, ya tambaye shi da me yake cin abinci. Ya ce da sikeli. Tsohon ya ce, to ɗana, gobe ka kawo sikelin. Suka kai aka gyara. Sannan ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya rubuta sunayen yaran da suka daɗe suna kawo masa kaya, kusan duk Dagomba ne, Musulmi, ya kimanta abin da ya ci na kowa. Ninki huɗu ya fi ƙarfinsa, ɗaya ma sai da ya sayar da babur. Matarsa ta yi yaji wata biyu, ta ce ita ba ta auri mahaukaci ba. Abokan sana'a suka ɗauki gaba da shi, don yara sun fara tambayar me ya sa awonsa ya fi na kowa. Wasu yaran ma da farko ƙin karɓa suka yi, sun ɗauka kuɗin tsafi ne, sai da ya roƙi wani limami ya raka shi ya yi musu bayani.

Bai gama ba aka rushe filin a 2021, yaran suka watse, wasu suka bazu cikin gari, wasu suka koma arewa. Sunaye bakwai suka rage a littafin. In ya sami sarari yakan je tashar motocin Tamale ya tambayi direbobi ko sun san wane ɗan wane na Savelugu. Bara ya sami ɗaya, yana jan keke mai ƙafa uku a Tamale, ya tura masa kuɗinsa ta waya. Saura shida.